Guɗa a Kan Waƙar Japan

Ni dai a Samaru, daga bakin kasuwa har hayin da ke bayan gonakin makaranta, da wuya a nuna gidan da aka yi haihuwa ko aka kawo amarya muryata ba ta shiga ba. Maguɗiya ce ni. Ba sana'a na ɗauke ta ba, baiwa ce, a wurin gwaggona na gada. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi kamar ban san mai shi ba, amma a sa kiɗa, kowane iri ne, zan gaya maka inda guɗa take zama a cikinsa. Mutane suna ɗauka guɗa ihu ce kawai, ka riƙe hanci ka kaɗa harshe. Ina! Guɗa tana da mazauninta. In ta yi gaggawa sai ta tattake wa mawaƙi magana, in ta makara sai ta zama kamar ka gai da baƙo bayan ya riga ya sa takalmi. Ni tawa ba ta taɓa yin ko ɗaya ba, kuma wanda ya ga ta yi, ya fito ya faɗa.

Ina da jika mace, 'yar babbar 'yata, wadda a ɗakina ta tashi tun daga yaye. Ƙawalli nake ce mata. Ni na yi mata guɗar haihuwa, na yi ta suna, na yi ta saukar karatu, ranar da ta gama jami'a ma sai da na tsaya a bakin ƙofar makarantar na rangaɗa wadda masu gadi suka leƙo. To, ga shi ta samu miji, wani ɗan Basawa da suke aiki tare a wurin haɗa magunguna, su suka ga juna suka ce suna so, aka sa rana. Ni a raina babbar guɗar rayuwata ce ta zo.

Wata rana da hantsi ina zaune ina gyaran zogale, sai ga ta ta shigo ta zauna a bakin tabarma, tana ta juya waya a hannu.

"Kaka, akwai magana."

"In kan mijin ne, na gan shi. Kunnuwan sun ɗan yi faɗi, amma zai yi."

"Kai, tsohuwar nan! Ba shi ba ne. Ranar kamu, a zauren biki, da waƙar Japan zan shigo."

"To, shigo mana. Ko da waƙar aljanu kika shigo, ni dai ina bayanki."

Ta danna wayar. Jama'a, wata yarinya ce mai siririyar murya ta taso da gudu kamar an biyo ta, kiɗan yana zuba kamar ruwan Agusta a kan kwano. Kalma kan kalma, babu inda ta tsaya ta haɗiyi yawu. Na saurara har ƙarshe.

Sai ƙawalli ta sunkuyar da kai ta ce, "Kin ji ta ko? Ba irin namu ba ce. Kuma za a ɗauki bidiyo. Shi ya sa na ce, ke ki bari sai ranar kai ni ɗaki ki yi guɗarki son ranki. A zauren, mai kayan sauti yana da guɗa a cikin na'urarsa, ya san inda zai saka."

"Guɗa a cikin me?"

"A na'ura. Dannawa kawai yake yi."

Na ajiye faifan zogale. Wato yarinyar da na goya har bayana ya yi kanta za ta shiga gaban dangin miji, ƙarfe ne zai yi mata murna, ni kuma ina zaune a kujera ina shan lemo kamar 'yar gayyar soɗi. Ban yi faɗa ba. Na ce mata, "Ƙawalli, kin san a ina kika fara jin waƙar Japan?"

Ta ce a majigin zane ne, irin na yaran nan masu manyan idanu da gashi kamar ƙaya, wanda suke kallo ita da ƙawayenta tun suna sakandare. Na ce ƙarya kike, a bayana kika fara ji.

Ga yadda aka yi. Marigayi Malam, mijina, kiwon shanu yake yi a gonar gwaji ta makaranta. Wata shekara ya shiga Sabon Gari wurin masu kayan gwanjo ya sayo rediyo mai kaset, ya ɗauro shi a bayan keke yana ta washe baki. Da muka buɗe bakinsa sai muka tarar da kaset a ciki, wanda ya sayar bai ma sani ba. Aka danna. Wata mata ce ta fara rera waƙa a hankali, muryarta tana rawa kamar mai ɗauke da tulu a kan tudu. Malam ya ce Indiya ce. Na ce Indiyar ina, mu da muka san Indiya kamar 'yan ɗakinmu? Maƙwabta suka taru, wannan ya ce Sin, wancan ya ce Larabawan wani wuri ne. Sai wani malamin gona da ke layinmu, wanda aka taɓa turawa koyon noman shinkafa, ya tsaya a ƙofa ya saurara, ya ce, "Wannan ai Japan ce. Irin wannan tsofaffinsu suke ji."

Kaset ɗin nan ya zauna da mu shekara da shekaru. Gefe ɗaya na matar nan mai rawar murya ne, da shi nake tankaɗe da tsince shinkafa. In ka juya ɗaya gefen kuma, waƙoƙi ne masu ƙaho da tsalle, kamar badujala ta sha shayi, da su nake shara da wanki. Ita ƙawalli tana bayana a goye duk wannan hidimar, in ta fara rigima na juya wa matar nan, kafin a kai tsakiya ta yi laƙwas. Rediyon ya sha cinye zaren, mu jawo mu naɗe da biro, har ranar da ya tsinke inda ba ya ƙulluwa.

Da na gama ba ta labari, sai ta ce, "Rera min yadda take." Na rera mata da hanci, don kalmomin ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ta yi ta latse-latse, ta sa wannan na ce ba ita ba, ta sa waccan na ce wannan ai ƙanwarta ce. Tana cewa wai yanzu matasan duniya sun tono tsofaffin waƙoƙin Japan suna ta rawa da su, musamman masu ƙahon nan. Can sai ga muryar matar nan tawa ta fito daga wayar, tas, babu ko shashshakar da kaset ɗinmu yake yi. Wallahi sai da na gyara ɗaurin zane, kamar babbar baƙuwa ta yi sallama.

Na ce, "Yauwa! To ki shigo da wannan mana. Wannan na san duk lungunta, ido rufe zan sa miki guɗa."

Ta karanta abin da aka rubuta a ƙasa, sai ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. "Kaka, kin san me take cewa? Tana tsaye ne a bakin teku cikin sanyi, mutumin ya hau jirgi ya tafi ya bar ta, ba zai dawo ba. Da wannan kike so in shiga gidan miji?"

Na ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ashe duk shekarun nan da baƙin cikinta nake tankaɗe. Shi ya sa tuwona yake laushi."

Muka yi dariya, amma maganar na'ura tana nan a maƙogwarona. Washegari na shiga a daidaita sahu na nufi Sabon Gari wurin wata tsohuwar ƙawata. Ita Kirista ce, asalinta Wusasa, busasshen kifi take sayarwa a kasuwa, kuma ita ke jan waƙa a ƙungiyar matan cocinsu, tana buga tulu. Tun mazanmu suna aiki a gona ɗaya muke tare. Na zayyana mata komai. Ta rufe kifinta da buhu ta ce, "Tashi mu je mu ga ƙarfen da zai gaje ki."

Shagon mai kayan sautin yana wani layi da ake gyaran janareta. Wani ƙaton mutum ne mai tumbi, iyayensa daga kudu suka zo amma a nan Sabon Gari aka haife shi. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai kowa namiji ne a wurinsa.

"Mama, sannu da zuwa, ka zauna. Me za a kawo maka?"

"Guɗa za ka kawo min. An ce kana da ita a akwati."

Ya yi murmushi ya danna wani maɓalli ja. Sai ga ta ta fito daga lasifika, ayyururui, ta yanke. Na ce ya sake. Ya sake. Na ce ya ƙara. Duk ɗaya, ko gashi ba ta bambanta ba.

Na ce, "Wannan matar ba ta san amaryar ba. Kuma da yunwa ta yi ta. Ka ji wutsiyar? Ta sake ta tun ba ta kai ba."

Ƙawata ta ce, "Kamar an taka wa akuya ƙafa."

Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. "Mama, ni ba ruwana, abin da amarya ta ce shi zan yi. Amma waƙar nan da ka ji, ba ta da birki. Na sa ta a biki biyu na 'yan jami'a, ko masu rawa sai da ta zubar da su."

A nan na kira ƙawalli a waya, a gabansa, muka yi sharaɗi. Ni zan yi guɗa. Shi kuma zai aza yatsa a kan jan maɓallinsa, in lokacin ya zo ban yi ba, ko na yi a inda bai dace ba, ya danna nasa ya rufe tawa. Sai ta ce, "Kaka, in kika kunyata ni a gaban gwaggwannin mijina, a gidanki zan tare." Na ce ɗakin yana nan, katifarki ma ba a ɗaga ba.

Da yamma ta karɓi 'yar ƙaramar wayata ta zuba min waƙar, ta ba ni abin toshe kunne mai igiya, ta nuna min inda zan danna. Na tura igiyar ta ƙarƙashin ɗankwali. Haka na wuni kwanaki, ina tsintar wake yarinyar Japan tana gudu a kunnena, ina alwala na cire, na idar na mayar.

Matsalar farko ba daga Japan ta zo ba, daga layinmu ta zo. Ashe duk tsawon rayuwata ban taɓa gwajin guɗa ba, sai ranar nan na gane dalili. Wata safiya na ji kamar na kama wurin, na riƙe hanci a tsakar gida na saki guda ɗaya, 'yar madaidaiciya. Kafin in sauke hannu gidan ya cika. Matar mai wanki ta shigo da kumfa a hannu tana "Barka, barka, me aka samu?" Tsohuwar gidan da ke kallon namu ta taho da sandarta. Mafi muni, maƙwabcinmu tela, wanda matarsa take da tsohon ciki, ya baro shago a guje da igiyar awo a wuya, ya faɗa gidansa yana kabbara, ya tarar da ita zaune tana cin rake. Da ƙyar na sallami mutane. Guɗa shela ce, ba a yin ta a ɓoye, duk wanda ya ji yana da haƙƙin ya zo ya tambaya.

Ƙawata ce ta samo mafita. Surukinta yana da injin niƙa a Chikaji, tsakanin masu walda da masu yankan katako, wurin da ko bindiga aka harba sai dai a ɗauka ƙarfe ne ya faɗi. Can muka riƙa zuwa da rana. Mu zauna a bayan shagon a kan buhunan dusa, kunne ɗaya nawa ɗaya nata, ita tana buga jarka tana bin kiɗan, ni ina laluben ƙofar da guɗa za ta shiga. In injin ya tashi na saki murya, in ya mutu na kama bakina. Mu koma gida fari fat da gari kamar an tono mu.

A nan na fahimci halin waƙar. Waƙarmu ta Hausa tana da ladabi, mawaƙi ya faɗa, 'yan amshi su karɓa, tsakaninsu akwai 'yar ƙofa da aka bar wa maguɗiya. Ita wannan babu amshi, babu ƙofa, yarinyar ita ke faɗa ita ke karɓa wa kanta, kuma inda kake zaton za ta sauka nan take ƙara hawa. Na gwada a farko, na taka mata baki. Na gwada a tsakiya, kiɗan ya haɗiye ni.

Ƙawata ta ce, "Ke, wannan yarinyar ba ta numfashi ne? Ko a cocinmu aka kawo ta sai mun ba ta ruwa."

"Tana yi. Satar sa take yi, ki saurara."

Sai a can ƙarshe na samu wurin. Ganguna suna hawa, suna hawa, yarinyar ta ja kalma ɗaya ta riƙe, sannan komai ya faɗi tim, waƙa ta ƙare. Daidai wannan jan, akwai fili kamar shimfiɗar tabarma. Na sa guɗata a kai ta zauna daram, wutsiyarta ta sauka tare da gangar ƙarshe. Ƙawata ta jefar da jarka ta tashi tana rawa a cikin dusa. Muka maimaita har ya zama ko barci nake aka sa waƙar zan farka a daidai wurin.

Kuma in faɗi gaskiya, waƙar ta shiga raina. Na tambayi ƙawalli me wannan kuma take cewa, kada a sake ba ni mai bakin teku. Ta ce a'a, wannan cewa take ko hanya ta yi tsawo ba za ta tsaya ba tunda ba ita kaɗai take tafiya ba. Na ce to ai shi ya sa take sauri. Na daina shan ruwan sanyi, na daina cin gyaɗa, kullum da safe zuma da citta da kanumfari. 'Yata tana ce min, "Inna, sai ka ce ke ce amaryar." Na ce amarya ai shigowa kawai za ta yi.

Ranar kamu ta zo. Zauren yana kan hanyar Basawa, aka fara bayan la'asar. An cika maƙil. Dangin ango sun kama gefe guda, gwaggwanninsa a sahun gaba, manyan mata masu gwaggwaro, irin waɗanda suke kallon biki kamar masu duba shinkafa a kasuwa. Labarin sharaɗinmu ya riga ya zaga, don ƙawata ba ta iya riƙe magana ba, har matan cocinsu biyu ta gayyato su zo su gani. Na sha sabuwar atamfa, na tsaya kusa da teburin mai kayan sauti, inda zan ga ƙofa. Ya ɗaga min yatsa ya nuna, sannan ya aza shi a kan jan maɓallin.

"Mama, ka shirya?"

"Kai dai ka kula da tumbinka, kada ya danna maka."

Aka buɗe ƙofa, waƙa ta tashi. Ƙawayen amarya suka fara shigowa biyu-biyu, suna taku suna rera waƙar da bakinsu, 'ya'yan Samaru da unguwar Jama'a suna Japananci kamar a can aka yanke musu cibiya. Ga ƙawalli a tsakiya cikin lulluɓi, tana tafe a hankali. Ni ina bin yarinyar kunnena taku-taku, na san kowane lungu. Ganguna suka fara hawa. Na gyara tsayuwa, na cika ƙirji, na kai yatsu hanci. Yarinyar ta ja kalmar nan.

Sai na ji gangar ba ta shirin faɗuwa. Wanda ya daɗe da kiɗa yana jin faɗuwar ganga tun kafin ta faɗi, kamar yadda ake jin ƙamshin ruwa kafin ya sauko. Wannan ba ta da niyya. Kuma amarya ko rabin zauren ba ta kai ba. Na haɗiye guɗar nan da ƙyar, har idona ya kawo ruwa. Ai kuwa sai kiɗan ya yi kwana ya ɗauki wata sabuwar hanya, yarinyar ta dasa wani baiti da ban taɓa ji ba.

Ashe waƙar iri biyu ce. Akwai guntuwa, wadda ake sawa a farkon majigin zane, ita ƙawalli ta zuba min a waya. Akwai kuma cikakkiya mai tsawo, ita mai kayan sauti ya saka. Duk garin da na sha a Chikaji, a kan guntuwa na sha shi.

Mai kayan sauti ya dube ni, ya ga hannuna ya sauka daga hanci. Ya ɗaga gira. Na girgiza masa kai. Ƙawata daga inda take zaune ta dafe ƙirji. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar waƙar da ban san gabanta ba, ga amarya tana matsowa, ga yatsa a kan maɓalli.

Ana cikin haka sai ganguna suka ɗauke gaba ɗaya. Ya rage wani ɗan kiɗa siriri kamar ɗigon ruwa a randa, da muryar yarinyar, ta daina gudu, tana magana a hankali. Zauren ya yi tsit. Ga fili nan, ba tabarma ba, filin idi guda. Babbar gwaggon ango ta juyo ta kalle ni, irin kallon nan na to me kike jira. Harshena har ya fara motsi da kansa. Amma ban yarda da filin nan ba, ya yi arha da yawa. Yarinyar ba ta gama maganarta ba, in na shiga a nan na shiga bakinta.

Tunda kunnena bai san hanya ba, sai na koma ga idona. Na dubi ƙawayen amarya, su da suka san waƙar. Duk sun tsaya cak, amma ba tsayuwar gamawa ba ce. Wata ta ɗaga dunduniya. Wata ta damƙe hannun 'yar'uwarta, gwiwoyinta sun ɗan lanƙwashe kamar mai shirin tsallake kwata. Na dubi ƙawalli. Ta cikin lulluɓi na ga ta rufe ido, kafaɗunta suna tasowa a hankali, tana jan numfashi. Na ce yauwa. Na ja tare da ita, ta ja na ja, na kai yatsu hanci.

Ɗigon kiɗan ya tsaya. Muryar ta tsaya. Babu komai, har kukan fanka ana ji. Na ga yatsan mutumin nan ya fara nutsewa. Dunduniyar yarinyar can ta kai ƙarshen tashi.

Na saki.

Ni da gangunan Japan muka faɗo zauren a lokaci guda, kamar mun yi alkawari. Sai dai waƙar da ta dawo ba a inda ta tafi ta dawo ba, ta ƙara hawa sama da bene guda. Na ji tawa tana ƙasa. Na ce yau ko ni ko ke. Na taka, na bi ta can sama inda ban taɓa kai murya ba ko ina budurwa, na riƙe, na kaɗa, na ƙi saki. Ɗankwalina ya zame ya faɗi ban bi ta kansa ba. 'Yan matan nan suka yi tsalle gaba ɗaya, zauren ya ɗauki sowa, matan coci suka miƙe, har gwaggon ango na gani tana kaɗa gwaggwaro. Ban sauke ba sai da ƙawalli ta kai kujerarta ta zauna, sannan na naɗe wutsiyar a hankali na ajiye.

Na waiga. Mai kayan sauti ya ɗaga hannuwansa biyu sama kamar wanda sojoji suka tare. "Mama! Ka kashe ni! Wallahi ban taɓa ba, ka duba, ban taɓa ba!"

Na buɗe baki in ba shi amsar da ta dace da shi, sai iska ta fito. Na sake gwadawa, ko ƙis. Muryar ta tafi, na bar ta can saman bene.

Da aka ɗan lafa, aka ce kakar amarya ta zo a yi hoto. Na je na zauna kusa da ita. Kwalliyar idonta duk ta zubo, mai gyara tana ta bin ta da auduga. Ta matso da bakinta kunnena.

"Kaka, sai da muka shigo na tuna guntuwar na sa miki. Na ce shi ke nan, na kashe tsohuwa. Ya aka yi kika san wurin?"

Na nuna mata maƙogwarona, na yi mata alama da hannu cewa babu.

Ta zaro ido. "Muryar ta tafi? Ba kya iya magana?" Na gyaɗa kai. Sai ta gyara zama, ta kama hannuna ta riƙe gam, ta ce, "Alhamdu lillahi. To bari in gaya miki, kunnuwan mijina daidai suke, naki ne suka yi ƙanana. Kuma zogalenki gishiri yake yi masa yawa, tun ina yarinya nake son in faɗa. Kuma waƙata ta fi ta matarki mai bakin teku daɗi."

Ina ji ina gani, ga amsoshi sun cika min baki, kowace da kaifinta, babu ta fita. Mai hoto ya ce a yi murmushi. A hoton nan da ke rataye a ɗakina, ita tana dariya har da hawaye, ni kuwa kaina babu ɗankwali, bakina a buɗe, ina nuna ta da yatsa.